Hakkin Mai Barci a Wuyan Wanda Ya Ke Farke

'Yan'uwa, tun muna yara aka koya mana cewa a kan kama mutum da laifin abin da ya aikata da saninsa. In yaro ya fasa tulu da gangan a kan hore shi. In kuwa tuntuɓe ya yi tulun ya faɗi, sai a ce masa sannu. Wannan shari'a daidai ce, ba mai gardama a kanta. Amma akwai wani yanki na ran mutum inda ba ya sanin kome, watau lokacin barci. Wanda ya shekara 60 a duniya ya yi wajen shekara 20 a kwance, idonsa a rufe. To, in wata cuta ta kama shi cikin waɗannan sa'o'i, ta ɓata masa dare, ta kuma ɓata masa rana, wa za a tambaya? Shi da bai sani ba, ko mu da mu ke ji, mu ke gani?

A wannan wata za mu ɗauki cuta biyu na dare mu auna wannan tambaya da su. Ta fari ita ce yankewar numfashi cikin barci. Ta biyu matsin fitsari, wanda ke tashin mutum sau da yawa kafin gari ya waye. Dukanmu mun san masu fama da su, ko da ya ke ba mu saba kiransu majinyata ba. Mun san dattijon da ke gyangyaɗi tun ba a kai tsakiyar wa'azi ba. Mun san maigidan da minsharinsa ke ƙetare katanga. Mun san tsohuwar da ƙarar ƙofarta ke damun gida dukan dare. Abin da mu kan ba su dariya ne, ko tsaki. Bari mu fara duba abin da ke faruwa a jikinsu, kāna mu ga ko mun yi musu adalci.

Abin da ke faruwa a maƙogwaro

Hanyar da iska ke bi daga hanci zuwa huhu ta ratsa ta bayan harshe. A wurin nan babu ƙashi, tsoka ce mai taushi ta ke riƙe da hanyar a buɗe. Sa'ad da mutum ya ke farke tsokar tana da ƙarfi. Da barci ya yi nauyi sai ta saki, harshe ya koma baya, hanya ta ƙuntata. Iska tana kutsawa ta wurin ƙuncin tana kaɗa naman, ita ce ƙarar da mu ke kira minshari. Ga mutane da yawa iyakar abin ke nan, ƙara ce kawai. Amma ga waɗansu hanyar ta kan toshe sarai. Ƙirji yana ta ja, iska ba ta shiga. Minsharin ya ɗauke, ɗaki ya yi tsit, sakan 10, ko 20, wani lokaci har minti guda. Iskar oksijin ta ragu cikin jini, ƙwaƙwalwa ta firgita ta zaburad da shi, ya yi gurnani kamar wanda aka shaƙe, ya ja numfashi, ya koma barci. Farkawar gajeriya ce ƙwarai, har da safe ba ya tuna ta.

Likitoci suna ƙidaya sau nawa numfashin ya yanke ko ya ragu ƙwarai cikin awa guda. Daga 5 zuwa 14 cuta ce mai sauƙi, daga 15 zuwa 29 matsakaiciya, daga 30 zuwa sama mai tsanani. Wanda ke yin 30 a awa, in ya kwana awa 7, ya shaƙe sau 210 ke nan. A ce wani ya tsaya a kanka yana girgiza ka ko wane minti biyu har asuba, yaya za ka yini? Haka wannan mutum ya ke kwana ko wane dare. Ya kan tashi da ciwon kai da bushewar baki, ya yini da mantuwa da saurin fushi. Ko wace zabura kuma tana ɗaga bugun zuciya da ƙarfin jini, shi ya sa cutar ta ke tafiya tare da hawan jini, da rikicewar bugun zuciya, da shanyewar ɓarin jiki.

Ba kuwa cutar mutane kaɗan ba ce. A 1993 masu bincike a jihar Wiskonsin ta Amurka suka ba da labarin ma'aikata 602, masu shekara 30 zuwa 60, waɗanda aka auna su suna barci. An sami yankewar numfashi sau 5 ko fiye a awa ga maza 24 cikin 100, da mata 9 cikin 100. A 2019 waɗansu masana suka ƙiyasta cewa mutum wajen miliyan 936 ne ke da ita a duniya duka, cikin masu shekara 30 zuwa 69.

Yadda likitoci su ka daɗe ba su gane ba

Akwai abin koyo cikin tarihin wannan cuta. A 1836 marubucin nan na Ingila, Charles Dickens, ya fara fitad da wani labari inda akwai wani yaro mai ƙiba, sunansa Joe, mai minshari, mai barci ko ina, har a tsaye. Masu karatu suka yi ta dariya, gama don dariya aka sa shi cikin labarin. Bayan shekara 120, a 1956, waɗansu likitoci a Amurka suka rubuta labarin wani majinyaci mai ƙiba wanda barci ya kwashe shi yana cikin wasan karta, ga kati mai ci a hannunsa. Suka ba ciwonsa suna daga littafin nan na Dickens, suka ɗora laifin a kan ƙiba da raunin numfashi. Da rana su ke duban masu irin wannan ciwo, abin da rana ta nuna musu shi su ka rubuta.

Sai a 1965 Henri Gastaut da abokan aikinsa a Faransa, da waɗansu likitoci biyu a Jamus, Jung da Kuhlo, suka yi abin da ba a saba yi ba. Suka ɗaura wa majinyata na'urori suka bar su su yi barci, suka zauna suna lura. Nan ne aka ga numfashi yana yankewa, yana dawowa, yana sāke yankewa. A 1981 kuma Colin Sullivan a birnin Sidni na Ostireliya ya nuna, a kan majinyata 5, cewa in aka hura iska a hankali ta hanci, hanyar ba ta toshewa. Daga nan aka sami na'urar da a ke kira CPAP, wadda har yau ita ce babban maganin cutar in ta yi tsanani.

Ga abin lura. Cutar ba ta bayyana ga masu ilimi ba sai ranar da wani ya yarda ya zauna a farke kusa da mai barci. Ciwo ne mai bukatar shaida.

Abin da ke faruwa a mafitsara

Mafitsarar babban mutum tana ɗaukar wajen rabin lita, kwatankwacin ledar ruwan nan da a ke sayarwa a bakin titi. Da dare jiki ya kan ƙara fitad da wani sinadari mai sa ƙoda ta rage yin fitsari, domin mutum ya kwana bai tashi ba. In shekaru sun ja, wannan tsari ya kan yi rauni. Tashi sau ɗaya ga dattijo ba abin damuwa ba ne. Daga sau biyu zuwa sama ne barci ke fara lalacewa.

Ga waɗansu mutane kuwa tsokar mafitsara ce ba ta da haƙuri. Ta kan matsa tun ba ta cika ba, sai mutum ya ji fitsari ya kama shi farat ɗaya, ba halin jira. Wani ya kai makewayi, wani ya zuba a hanya. A 2006 aka ba da sakamakon tambayar mutum fiye da 19,000 a ƙasashe biyar, watau Kanada, Jamus, Italiya, Suwidin da Birtaniya. Wajen 12 cikin 100 suna da wannan matsi, maza da mata, yana kuma ƙaruwa da shekaru. Akwai waɗansu abubuwa dabam masu kawo yawan fitsarin dare: ciwon sukari, da ciwon zuciya mai kumbura ƙafa, da ƙwayoyin cuta a mafitsara, da tsargiya, da kumburin wata tsoka da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wadda likitoci ke kira furostet. Sai an gwada a asibiti a ke rarrabe su.

Yanzu ga inda cututtukan nan biyu su ka haɗu. Sa'ad da maƙogwaro ya toshe, ƙirji yana ja da ƙarfi, wannan ja ya kan miƙe bangon zuciya. Zuciya ta ɗauka ruwa ne ya yi yawa a jiki, sai ta saki wani sinadari mai umurtar ƙoda ta zubad da gishiri da ruwa. Mafitsara ta cika da tsakar dare. Bayan haka kuma, mutum ya kan farka saboda shaƙewa, ya ji ɗan fitsari, ya ce fitsarin ne ya tashe shi. A 1996 likitoci a Amurka suka lura da majinyata 80 a ɗakin gwajin barci. Cikin tashin da su ka yi domin fitsari, kusan 8 cikin 10 na'ura ta nuna yankewar numfashi ce ta tashe su, ko minshari, ko zaburar ƙafa. Su kansu da kyar aka sami wanda ya faɗi dalilin daidai. Da yawa daga masu wannan hali, in aka gyara numfashinsu, tashin dare ya kan ragu.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. A nan karin maganar bai ci ba. Mai ɗakin yana nuna mafitsara, alhali yoyon a maƙogwaro ya ke.

Rago ne, ko majinyaci?

Mu koma ga tambayarmu. Mutumin da ke gyangyaɗi a majami'a, ko a ofis, ko a bakin shagonsa, mun saba ce masa rago. In shaƙewar dare ce ta gajiyad da shi, mun yi masa ƙarya, mun kuma ƙara masa kaya a kan kaya. Shi kansa ya kan yarda da ƙaryar. Yana ganin ya kwanta da wuri, ya tashi da rana, ga shi kuwa a gajiye, sai ya ce lalle shi malalaci ne. Haka nan tsohuwar da fitsari ya kubce mata ta kan ɗauki kanta ƙazama, ta daina zuwa taro, ta daina zuwa biki, ta zauna a ɗaki. Haka yaron da a ke dūka saboda fitsarin kwance. Waɗansu yara naman gefen maƙogwaronsu ne ya kumbura, suna minshari, suna kwana baki buɗe, fitsarin kwancen kuwa yana tafe da wannan. Bulala ba ta taɓa buɗe maƙogwaro ba.

Wani zai ce, "In haka ne, ashe babu rago a duniya, kowa sai ya fake da ciwo." A'a, ragwanci yana nan. Wanda ya raba dare wurin hira ko kallo, ya zo yana gyangyaɗi da safe, shi ya saya da kuɗinsa. Abin da mu ke cewa shi ne, daga waje su biyun kamarsu ɗaya, ido ba ya rarrabe su. Saboda haka tambaya ta kamata ta riga hukunci. "Malam, kana samun barci kuwa da dare?" Wannan ba ta cin kome, ta kuwa fi tsaki amfani.

Wani kuma zai ce, "Ai ƙiba ce ke kawo ta, ƙiba kuwa cin mutum ne." Gaskiya ne ƙiba, musamman kaurin wuya, ita ce babbar mai jawo cutar. Giya da ƙwayoyin sa barci su ma suna ƙara ta, gama suna sa tsokar ta ƙara saki. Amma akwai siraran mutane masu ita, saboda ƙirar haɓarsu ko girman harshensu, abin da aka haife su da shi. Mata kuma ta kan ƙaru gare su bayan jinin al'ada ya ɗauke. Ko a inda mutum ya ke da hannu cikin ciwonsa, ba a kan tsaya a bakin rijiya a yi wa wanda ya faɗa ciki faɗa ba. A kan jefa igiya tukuna.

Kunya da iyakarta

In mai ciwo bai iya ganin ciwonsa ba, nauyin ya koma kan wanda ke ganinsa. Yawanci matar aure ce, ko miji. Wani lokaci ɗa ne mai kwana kusa da mahaifinsa, ko abokin tafiya, ko ɗalibai masu kwana ɗaki ɗaya. Akwai mata da yawa da su ka shekara goma suna jin numfashin mazansu yana ɗaukewa, suna zungurinsu da gwiwar hannu har ya dawo, ba su taɓa faɗa musu da rana ba. Me ya hana? Kunya. Ba ta so ta ce wa maigida yana minshari kamar sa. Shi ma miji yana jin nauyin ce wa matarsa haka, gama an ɗauka minshari abin kunya ne ga mace. Ɗa kuwa ina zai sami bakin yi wa uwarsa zancen fitsari?

Kada kowa ya raina kunya. Ita ce ke tsare mutuncin manya, ita ce ke sa gida ya zauna da ladabi. Amma sai mu tambaya, don me aka yi ta? An yi ta domin a kiyaye mutum. In ta kai inda shirunta zai bar mutumin cikin hawan jini, ko ya sa shi ya yi barci a kan sitiyari, ta bar aikin da aka yi ta dominsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sau da yawa kuma, in muka binciki zuciyarmu, abin da mu ke kira kunya tsoron ɓacin ransa ne, watau kanmu mu ke tsarewa.

Akwai bambanci tsakanin faɗa wa mutum da tona masa asiri. Matar da ta ba da labarin minsharin mijinta a bakin famfo ko a taron mata domin a yi dariya, ta ci amanarsa, shi kuwa bai ƙaru da kome ba. Wadda ta bari sai suna su biyu, bayan ya ci abinci, ta ce, "Maigida, akwai abin da ke ba ni tsoro. In kana barci numfashinka ya kan tsaya, har in ƙirga ashirin bai dawo ba. Don Allah mu je a duba," wannan ta rufa masa asiri, ta kuma nemi ransa. Ɗa ya iya ce wa uwarsa, "Mama, na ji kina yawan fita da dare. Likita yana da maganin wannan, bari in kai ki." In bakinsa ya yi nauyi, ya aiki 'yar'uwarsa. Abin da bai kamata ba shi ne kowa ya ji, kowa ya yi shiru.

Ku da ku ke karanta wannan takarda kuna da abin taimako a hannunku, watau alƙalami. Likita ba ya kwana a gidanku. In kun rubuta masa kwana 3, ƙarfe nawa tsoho ya tashi, sau nawa, fitsarin da yawa ne ko kaɗan, me ya sha da yamma, kun ba shi abin da awonsa na rana ba zai nuna ba. In mai barcin ya yarda, a ɗauki ƙarar numfashinsa da waya a kai. Da yawa ba su gaskata ba sai da su ka ji da kunnensu.

Bayan an sani

Rashin sani ya fi dare duhu, amma uzurin rashin sani yana ƙarewa ranar da aka faɗa maka. Daga ran nan nauyi ya dawo wuyan mai ciwo. Wanda matarsa ta gaya masa, ya daka mata tsawa ya ce shi ba ya minshari, ya ƙaryata shaida a kan abin da shi bai halarta ba. Da me zai yi musu, shi da ya ke barci?

Maganar ta fi nauyi ga mai riƙe da rayukan waɗansu. A 1999 likitoci a Sifaniya suka gwada direbobi 102 da aka kawo asibiti bayan haɗarin mota, suka kwatanta su da waɗansu mutane. Suka tarar wanda numfashinsa ke yankewa sau 10 ko fiye a awa ya fi sauran yiwuwar yin haɗari wajen sau 6. Direban da ya san barci yana fizgarsa a hanya, ya ɗebi fasinja ya kama doguwar tafiya yana dogara ga goro da shayi, caca ya ke yi da ran mutanen da ba su yarda a yi caca da su ba.

Amma kada mu yi wannan hukunci da sauƙin baki. Direban nan da motar ya ke ciyad da 'ya'yansa. In ya faɗi gaskiya mai mota ya iya korarsa. Gwajin barci sai a manyan asibitoci, na'urar hura iska tana da tsada, tana kuma bukatar wutar lantarki dukan dare, ko batir. Wanda ya ce masa, "Ajiye tuƙi," bai kuwa tambayi abin da gidansa za su ci ba, ya faɗi rabin gaskiya ne. In muna so mutum ya yi abin da ke daidai, sai mu rage masa tsadar yinsa. Dangi da 'yan'uwa sun saba haɗa kuɗi domin biki da jana'iza. Haɗawa domin a kai mutum asibiti tun yana da rai ta fi. Mai mota kuma ya ba direbansa hutun neman magani, gama wanda aka yi wa magani ya kan koma aikinsa lafiya.

Akwai kuma abin da mai ciwo zai iya yi ba da kuɗi mai yawa ba. Binciken Wiskonsin ya nuna a shekara ta 2000 cewa rage kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki yana tafiya da raguwar yankewar numfashi wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Kwanciya a gefe ta fi rigingine, gama a rigingine harshe ya fi komawa baya. A bar giya da taba, kada kuma a sha ƙwayar barci sai da izinin likita. Kada a kai mai minshari wurin wanzami a cire masa belu, wannan ba ya warkad da cutar, ga haɗarin zubar jini.

Mai matsin fitsari ya rage shayi, da kofi, da goro, musamman daga la'asar, gama abin da ke cikinsu mai hana barci yana tsokanar mafitsara. Ya sha ruwansa da rana, ya rage sa'a biyu ko uku kafin kwanciya. Kada ya ƙi ruwa yini guda don tsoro, wannan wata cutar zai jawo a ƙasa mai zafi. Mai kumburin ƙafa ya ɗaga ƙafafunsa da yamma. Mai shan maganin hawan jini irin mai sa fitsari ya tambayi likita lokacin da ya fi kyau ya sha. A kan koya wa mafitsara haƙuri kuma, ana ƙara 'yan mintoci tsakanin fita da fita, mako bayan mako. Akwai motsa tsokar ƙasan mara, wanda likita Arnold Kegel ya bayyana a 1948, ungozomar asibiti ta iya koyarwa. In waɗannan ba su isa ba akwai ƙwayoyi, amma likita ne zai zaɓa, gama waɗansunsu suna busad da baki, suna kuma rikita tunanin tsofaffi.

Hakkin tsofaffi a cikin gida

Saura magana guda. Tsohon da ke tashi sau huɗu cikin duhu, da magagin barci, yana sauri, shi ne ya fi kowa kusa da faɗuwa. Karayar ƙugu ga tsoho kuwa sau da yawa ita ce mafarin kwanciyar da ba a tashi. A sa masa fitila ko tocila kusa da hannu. A kawad da turmi da bokiti da igiya daga hanyar makewayi. A ajiye masa fo mai murfi a ɗaki, a zubar da safe ba tare da yamutsa fuska ba. In shimfiɗa ta jiƙe a wanke a shanya a bayan ɗaki, kada jikoki su mai da ita abin waƙa. Waɗannan tsofaffi sun tashi dominmu sau ba iyaka sa'ad da mu ke jarirai, sun wanke abin da ya fi wannan, ba su kai ƙararmu ko ina ba.

To, 'yan'uwa, ga amsar tambayarmu. Mai barci ba shi da laifin abin da ya same shi cikin barci, kada mu kira shi rago ko ƙazami. Wanda ya ke farke, ya ji, ya gani, shi ne a ke bi bashin magana, ya faɗa da ladabi, a asirce, ga mai ciwon da likitansa. In an faɗa, mai ciwo ya karɓa, ya nemi magani, sauranmu kuma mu taya shi ɗaukar kuɗin. Ko wane ɗayanmu yana kwana kusa da wani, ko ɗaki ɗaya, ko gida ɗaya. In ka farka da dare, ka kasa kunne kaɗan kafin ka koma barci. In ka ji abin da mu ka kwatanta a nan, kada ka bar makon nan ya wuce ba ka faɗa ba.